Hayaƙin Tabar Wani da Lafiyar Ma'aikatan Otel da Gidajen Abinci

Shekara da shekaru ke nan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana gargaɗi, cewa masu shan taba suna iya mutuwa da ƙuruciyarsu. An buga wannan magana a jikin kwalin sigari, an faɗe ta a rediyo da talabijin, har yara sun haddace ta. Amma fa da mashayi ake wannan gargaɗi. Akwai wani mutum dabam wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau wanda bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba, amma neman abinci ya sa yana wuni, wani lokaci ma har ya raba dare, cikin hayaƙin tabar waɗansu. Shi ne yaron da ke kai abinci tebur, da yarinyar da ke kwashe faranti, da mai tsayawa bayan kanta a mashaya, da mai gyaran ɗakunan baƙi a otel, da mai karɓar kuɗi a gidan kallon ƙwallo. Hausawa kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin taba kuwa, ruwan yakan doki har wanda bai ja shi ba.

Saboda irin waɗannan mutane ne ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, suka kafa dokokin hana shan taba a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san dalilin waɗannan dokoki, da abin da suka ce, da kuma inda suka tsaya.

ABIN DA KE CIKIN HAYAƘIN

Hayaƙin da ke cika ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda mashayi ya zuƙa sa'an nan ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan sigari yayin da yake riƙe a hannu, ko aka ajiye shi a farantin toka. Na biyun ya fi yawa, domin in an lura da kyau, lokacin da karan yake ci shi kaɗai ya fi lokacin da ake zuƙarsa. Ya kuma fi muni, saboda bai bi ta cikin audugar da ke gindin karan ba, wutar da ke fitar da shi kuma ba ta da ƙarfi, ba ta cinye abin sarai, sai guba ta fito da yawa. Duk macen da ta taɓa fama da ɗanyen itace ta san hayaƙi ya fi yaji sa'ad da wuta ke ci ciki-ciki.

Masana sun ƙidaya sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin taba, kimanin 70 daga cikinsu kuwa an tabbatar suna haddasa ciwon daji. A ciki akwai iskar kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga salansar mota da ta janareta, wadda jama'ar ƙasar nan suka san ta da halaka iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da inji a rufe. Wannan iska tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi mai kyau ke kama shi, har sau 200 da ɗoriya, saboda haka sai ta tare wurin, jiki ya rasa isasshen rabonsa. Akwai kuma sinadarin da ake adana gawa da shi a asibiti, da irin gubar da aka daɗe ana sawa a maganin ɓera. Bayan waɗannan akwai ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani, tana ratsa hanci da maƙogwaro ta sauka can cikin huhu.

Mutane da dama suna tsammani huhu kaɗai abin ke taɓawa. Gaskiyar magana, zuciya ce ta fi saurin jin jiki. Hayaƙin yana sa jini ya yi danƙo, ya riƙa neman daskarewa, yana kuma lalata shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini. An gwada an gani, zaman rabin sa'a kawai cikin hayaƙi ya isa ya canja yadda jijiyoyin zuciyar lafiyayyen saurayi ke aiki. In abin na rana ɗaya ne, jiki yakan warware. In kuwa kullum ne, shekara biyar, shekara goma, to, a nan ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa.

YADDA AKA GANO

A da ana ɗaukar hayaƙin tabar wani abin damuwa ne kawai, ya sa ido ruwa, ya bar wari a riga. A shekarar 1981 wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya buga sakamakon wani dogon bincike da ya yi a kan matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba su shan taba. Ya bi su shekaru da yawa, ya tarar da cewa waɗanda mazansu ke shan taba sun fi mutuwa da ciwon dajin huhu, kuma gwargwadon yawan abin da miji ke sha, gwargwadon haɗarin da matarsa ke ciki. Kamfanonin taba sun yi ta ƙoƙarin ƙaryata shi, amma bincike ya yi ta biyo baya daga ƙasashe dabam-dabam yana gaskata shi.

A 1986 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya ba da rahoto cewa lalle wannan hayaƙi yana jawo ciwon dajin huhu ga wanda ba ya shan taba. Ya ƙara da wata magana mai muhimmanci, cewa raba mashaya da waɗanda ba su sha a cikin ɗaki ɗaya yana rage abin, amma ba ya kawar da shi. Bayan shekara 20, watau a 2006, ofishin ya sake fitar da wani rahoto mai ƙididdiga. Wanda ba ya shan taba amma yana zaune cikin hayaƙinta a gida ko a wurin aiki, haɗarin kamuwarsa da ciwon zuciya yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na ciwon dajin huhu kuma da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Rahoton ya ce babu wani gwargwado na hayaƙin nan da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane fiye da miliyan 1 kowace shekara, dukansu waɗanda ba su ne suka kunna tabar ba.

DON ME MA'AIKACIN OTEL YA FI KOWA SHAN WUYA

Lissafin ba shi da wuya. Baƙo yakan shigo gidan abinci ya yi sa'a ɗaya, ya biya kuɗinsa ya tafi. Ma'aikaci kuwa yana nan kafin baƙon ya zo, yana nan bayan ya tafi, har wani ya zo ya zauna a kujerarsa ya kunna tasa. In mutum yana aikin sa'a 10 a rana, kwana 6 a mako, ya yi sa'a 60 ke nan, a shekara kuma abin ya tasam ma sa'a 3,000. Ba a zaune yake ba kuma. Yana kai da kawowa, yana ɗaukar kaya, yana hawa bene, numfashinsa ya fi na wanda ke zaune sauri da zurfi. Shi ne ke sunkuyawa a kan tebur daidai inda hayaƙin ke tashi, shi ne kuma ke zubar da toka.

A 1993 wani likita a Amurka, Michael Siegel, ya tara awon da aka yi wa iskar wuraren aiki iri-iri. Ya tarar hayaƙin da ke gidajen abinci ya kusan ninka na ofisoshi sau 2, na mashaya kuwa ya ninka shi sau 4 zuwa 6.

Labarin wata mata 'yar Kanada, Heather Crowe, ya isa misali. Ta yi kusan shekara 40 tana aikin kai abinci tebur, galibi a birnin Otawa, ba ta taɓa shan taba ba ko sau ɗaya. A 2002 likitoci suka same ta da ciwon dajin huhu. Ta kai kuka ga hukumar biyan diyyar ma'aikata ta lardin Ontariyo, hukumar ta amince cewa a wurin aiki ta samo cutar, aka biya ta. Maimakon ta kwanta jinya a gida, sai ta yi sauran kwanakinta tana zaga ƙasar, tana tsayawa gaban majalisun birane da na larduna, tana roƙon a kafa doka don kada wata ma'aikaciya ta bi sawunta. Ta rasu ranar 22 ga Mayu 2006, tana da shekara 61. Kwana 9 bayan rasuwarta dokar da ta hana shan taba a dukan wuraren aiki na Ontariyo ta fara aiki.

Tun kafin wannan, ma'aikatan da ke hidimar fasinja a cikin jiragen sama sun yi irin wannan gwagwarmaya, domin su ma a rufe suke da mashaya, ba kuma taga da za a buɗe. A Amurka sun kai kamfanonin taba ƙara a 1991, aka sasanta a 1997 a kan dala miliyan 300 da aka kafa cibiyar bincike da su. Yau ba wanda zai yi mafarkin kunna sigari a jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda, ba kuwa wanda ya fasa tafiya saboda haka.

A ƙasar nan akwai abubuwan da ke ƙara tsananta al'amarin. Lokacin zafi ana rufe ƙofa da taga don na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki, lokacin hunturu ana rufewa don ƙura da sanyi. Gidajen kallon ƙwallo da yawa rumfunan kwano ne da aka toshe ko'ina don haske kada ya shiga. Mata da yawa masu aiki a gidajen abinci suna ɗauke da juna biyu, ko kuwa da goyo a baya. Hayaƙin taba yana sa a haifi jariri ba nauyi, yana jawo wa ƙananan yara ciwon kunne, da ciwon haƙarƙari, da tashin asma, yana kuma cikin abubuwan da ke sa jariri ya mutu farat ɗaya cikin barci. Da yawa daga cikin waɗannan mata kuma sun riga sun sha hayaƙin murhu tun da asuba, ga na taba ya zo ya hau kai.

Wani zai ce, wanda ba ya so ai sai ya bar aikin. Mai faɗin haka bai san yadda samun aiki yake ba. Yaron da ya baro garinsu ya zo Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya sami aikin otel da kyar, ba zai iya ɗaga ido ya ce wa mai kuɗi ya kashe tabarsa ba, don ya san a bakin aikinsa. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a barin ma'aikacin masaƙa ko na ma'adinai ya zaɓi tsakanin albashinsa da huhunsa, doka ce ke tilasta wa mai masana'anta ya gyara wurin. Gidan abinci da otel da mashaya su ma wuraren aiki ne, ko da yake baƙo yana ganinsu wuraren hutawa.

ABIN DA YA FARU INDA AKA HANA

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana shan taba a mashaya tun daga ranar 1 ga Janairu 1998. Likitoci suka auna ma'aikatan mashaya 53 a birnin San Faransisko kafin dokar da kuma 'yan makonni bayanta. Kafin doka, 39 daga cikinsu suna fama da tari, ko majina, ko shessheƙar ƙirji. Bayan doka, 23 daga cikin 39 ɗin nan sun rabu da abin, awon ƙarfin huhunsu kuma ya ƙaru. Ba magani aka ba su ba, iskar wurin aikinsu kawai aka gyara.

Ƙasar da ta fara hana shan taba a dukan wuraren aiki na cikin gini a faɗin ƙasa baki ɗaya, har da mashaya, ita ce Ailan, ranar 29 ga Maris 2004, lokacin da Micheál Martin yake ministan lafiya. Mutane da yawa sun ce abin ba zai yiwu ba, domin zaman mashaya da taba a hannu ya zama al'adar mutanen ƙasar, kamar yadda zaman majalisa da shayi yake a wurinmu. Abin lura shi ne, gwamnati ba ta gabatar da dokar da sunan yaƙi da mashaya taba ba. Ta gabatar da ita da sunan kare lafiyar ma'aikaci, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mashaya kuma ta tsaya mata tsayin daka. Aka sa tara har yuro 3,000, aka bar wa masu gidajen nauyin tsare doka a gidajensu. Jama'a suka bi, ba tare da wani tashin hankali ba.

Akwai wani sinadari da ake kira kotinin, wanda jiki ke juya nikotin zuwa gare shi. Ana auna shi a miyau ko fitsari ko jini, a san yawan hayaƙin da ya shiga jikin mutum a 'yan kwanakin baya. Da aka auna ma'aikatan mashaya na Ailan waɗanda ba su shan taba, aka tarar kotinin ɗin da ke miyansu ya ragu da kimanin kashi 80 cikin 100 bayan dokar.

Sikotlan ta bi sahu ranar 26 ga Maris 2006. Ƙurar hayaƙi a mashayarta ta faɗi da kashi 86 cikin 100. Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne abin da aka gani a asibiti. A manyan asibitoci 9 da aka bi lissafinsu, waɗanda aka kwantar saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 a watanni 10 na farko, mafi yawan waɗanda suka tsira kuwa ba mashaya taba ba ne. Ingila ta kafa tata dokar ranar 1 ga Yuli 2007.

KEƁE WURI DA SA FANKA

Dabarar da aka fi kawowa don kauce wa hani gaba ɗaya ita ce a ware wa mashaya gefe guda, ko a sa fanka da na'urar zuƙe iska. Hayaƙi kuwa bai san iyaka ba. Wanda ya zuba shuni a gefe ɗaya na kwatanniya ba zai hana ruwan ɗaya gefen yin baƙi ba. Fanka tana watsa hayaƙin ne ko'ina. Na'urar sanyaya ɗaki kuma iskar cikin ɗakin take juyawa ta dawo da ita da sanyi. Na'ura mai tsada tana iya rage wari da abin da ido ke gani, sai mutane su saki jiki, alhali gubar tana nan. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka masu tsara hanyoyin iska a gine-gine ta faɗa da bakinta a 2005, cewa ba abin da ke kawar da haɗarin sai hana shan taba a cikin ginin.

Ko da an gina ɗaki na musamman mai ƙofa, tambaya ɗaya ta rage. Wa zai shiga ya kai abin sha? Wa zai share? In ma'aikaci ne, to, an tara masa hayaƙin wuri ɗaya ne kawai.

Sifaniya ta gwada wannan hanya ta rabi da rabi. Dokarta ta 2006 ta bar ƙananan mashaya da gidajen abinci su zaɓa da kansu, manya kuma su keɓe wuri. Mafi yawan ƙananan suka zaɓi a ci gaba da sha, don kowa yana tsoron kada baƙinsa su koma wurin maƙwabci. Ma'aikatan ofis suka huta, na mashaya suka ci gaba da shaƙa. Bayan shekara 5 gwamnati ta ga ba riba, ta hana gaba ɗaya daga ranar 2 ga Janairu 2011. Wannan ya nuna amfanin doka mai hawa kan kowa daidai: in an hana ko'ina, ba mai gidan da zai ji tsoron maƙwabcinsa.

DOKAR NIJERIYA

Nijeriya ba ta makara ba wajen farawa. A 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta hana shan taba a gidajen silima, da ofisoshi, da motocin haya, da asibitoci, da makarantu, da wuraren renon yara. Amma ba ta ambaci gidajen abinci da otel da mashaya ba, watau ta tsallake wuraren da hayaƙi ya fi yawa.

A 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar taƙaita taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nijeriya ta sa hannu a 2004, ta tabbatar da ita a watan Oktoba 2005. Sashi na 8 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin kare jama'arta daga hayaƙin taba a wuraren aiki na cikin gini, da motocin haya, da wuraren taruwa. A taron da aka yi a Bankok a 2007 aka fayyace ma'anar sashin, cewa kariya ta gaskiya ita ce gini ya zama ba hayaƙi ɗari bisa ɗari. Maƙwabtanmu ma sun motsa, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2006, Gana kuma ta sa hanin cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012.

Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna girman matsalar. Cikin manya masu aiki a cikin gini, kashi 17.3 cikin 100, watau mutum miliyan 2.7, suna shaƙar hayaƙin taba a wurin aiki. Cikin waɗanda suka shiga gidajen abinci kuma, kashi 29.3 cikin 100 sun tarar da shi a can.

Jihar Legas ta kafa tata dokar a 2014. A watan Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1990, a 2019 kuma Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idodin aiwatar da ita. Wannan doka ta shigo da gidajen abinci da mashaya cikin wuraren da aka taƙaita shan taba, tare da filayen wasa, da wuraren shaƙatawa, da motocin haya. A makarantu da asibitoci da wuraren renon yara kuwa hanin ya game harabar duka. Wanda aka kama yana sha inda aka hana, hukuncinsa tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Mai wurin ko manajansa da ya ƙyale aka sha shi ma ya yi laifi, ana iya gurfanar da shi. Dokar ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara.

Akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Dokar 2015 ta bar ƙofa ga keɓe wurin shan taba a waɗansu gine-gine bisa sharuɗɗa, ta Legas ma haka. Bisa ga bayanin da ya gabata, wannan bai kai mizanin da aka yanke a Bankok ba, ma'aikacin otel ne kuma zai fi jin gurbin. Sai dai doka ba ta tilasta wa kowane mai gida ya keɓe irin wannan wuri ba. Wanda ya ce gidansa ba hayaƙi ko'ina, yana cikin haƙƙinsa, ya kuma yi abin da ya fi.

TSORON FAƊUWAR CINIKI

Kusan ko'ina aka zo kafa irin wannan doka, sai an ji ana cewa ciniki zai mutu, ma'aikata su rasa aiki. A 2003 waɗansu masana suka tattara bincike 97 da aka yi a kan wannan batu suka tace su. Waɗanda aka gina a kan lissafin haraji da yawan ma'aikata na ainihi, aka kuma yi su bisa ƙa'ida, ba ko ɗaya da ya nuna asara. Waɗanda suka ce an yi asara kuwa, da aka bi diddigi, sai aka tarar da hannun kamfanonin taba a ciki.

Mai gidan abinci a Nijeriya ya ma fi na Turai dalilin kwantar da hankali. A binciken 2012 ɗin nan, manyan da ke shan taba a ƙasar nan kashi 3.9 ne kawai cikin 100. Watau cikin mutum 100, kimanin 96 ba su sha. Mai hankali ba ya korar magidanci da iyalinsa don ya faranta wa mutum huɗu. Ga kuma sauƙin wankin labule da shimfiɗa, da fentin bango, da raguwar haɗarin gobara daga guntun sigarin da aka yar a kan katifa.

SHISHA

A 'yan shekarun nan wuraren shan shisha sun yawaita a birane, matasa da dama kuma suna tsammani ruwan da ke cikin tulun yana wanke hayaƙin. Ruwan sanyaya shi kawai yake yi. Ƙamshin tuffa ko na'a-na'a da ake ji, taba ce aka jiƙa da zaƙi, hukuncinta a doka kuma hukuncin taba ne. Shisha ma tana da ƙarin illa, domin gawayin da ake ɗorawa a kai yana fitar da kabon monoksaid mai yawa, zama ɗaya kuma yakan kai sa'a guda. Yaron da ke hura gawayin, yana zagawa tebur-tebur yana canja shi, a wasu wuraren ma shi ke fara zuƙa don ta kama kafin ya miƙa wa baƙo, yana cikin haɗarin da ya fi na kowa a ɗakin. Ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya a ƙarshen aiki alamu ne da bai kamata a raina su ba. Wanda ya ji su ya fita iska nan da nan, in bai warware ba a kai shi asibiti.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Nauyi mafi girma yana kan mai gida da manajansa. Wajibi ne a kafa alamar hana shan taba a bakin ƙofa da inda kowa zai gani, ya fi kyau a rubuta ta da Turanci da harshen mutanen wurin, da hoto saboda wanda bai iya karatu ba. A kwashe farantan toka daga tebura, domin ajiye su gayyata ce. Mai son shan taba a nuna masa fili a waje, nesa da ƙofa da taga da inda ake cin abinci, kada kuma a aiki ma'aikaci ya yi hidima a can. A otel, a sanar da baƙo tun wurin karɓar makulli. Abu mafi muhimmanci, manaja ya gaya wa yaransa a fili cewa yana bayansu. In baƙo ya ƙi ji, manaja ne zai taso ya yi magana, kada a bar ƙaramin ma'aikaci da rigimar da ta fi ƙarfinsa.

Ma'aikaci kuma ya yi maganarsa da ladabi, tun kafin a kunna in ya yiwu: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, doka ta hana shan taba a nan ciki, amma ga fili can waje." Mafi yawan mutane sukan ji. In mai gida ne da kansa ya ƙi tsare doka, ma'aikata su haɗa kai su yi masa magana tare, ko su bi ta ƙungiyarsu ta ma'aikatan otel, ko su kai rahoto ga jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Lafiya ta jiharsu. Wanda ya daɗe yana aiki cikin hayaƙi, in ya ga tari ya wuce mako biyu, ko jini a majina, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana gaza masa wajen hawa bene, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba. In likita ya tambaye shi ko yana shan taba, kada ya tsaya ga cewa a'a, ya faɗi irin aikin da yake yi, da shekarun da ya yi a ciki, da yawan sa'o'in da yake yi kowace rana.